Kundin Aikin Shirin Damina da Hunturu a Unguwarmu, 2025

Asabar, 12 ga Afrilu

Yau bayan sallar La'asar muka yi zaman farko a zauren Mai Unguwa, mu goma sha ɗaya, kuma aka ɗora mini nauyin rubuta abin da aka yi da abin da aka kasa yi, domin kada shirin ya tsaya a fatar baki. Unguwarmu tana cikin tsohon birnin Kano, a Ƙaramar Hukumar Dala, a kan gangaren da ruwansa ke bin lunguna har ya faɗa rafin Jakara, kuma galibin gidajenmu ginin ƙasa ne, ko da an shafe fuskarsu da siminti.

Abin da ya tara mu shi ne fargabar da ta shiga zukatan mutane tun ranar 10 ga Satumban bara, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Matasan da ke wurin sun fara da tambayar abin da zai same mu idan Tiga ko Challawa ta yi irin haka. Wani tsohon magini da duk muke kira Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya ce ruwan waɗannan madatsun hanyarsa daban ce, garuruwan bakin kogi yake ci, irin su Wudil da Ringim da Haɗeja, ba ya hawowa cikin ganuwa. Ya tuna mana daminar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agusta, ya ce gidajen da ya ga sun zube a cikin birni a wannan shekarar, ruwan sama ne ya kwanta a gindinsu ya rasa mafita. A da kowace unguwa tana da kududdufinta, wato ramin da aka haƙi ƙasar gini, kuma shi yake karɓar ruwan damina ya riƙe shi har rani. Namu an cike shi da shara da ɓaraguzai, an yi shaguna a kai, amma ruwan da yake sha bai daina zuwa ba.

Wasu sun so a fara da tara kuɗi. Na goyi bayan Baba da ya ce a fara da ƙafa, a shiga gida gida a ga abin da ke akwai, domin wanda bai san ciwo ba bai san maganin da zai saya ba. A kan haka aka tashi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Zagayen ya ɗauke mu mako biyu, kuma da ba a sami mata uku sun shigo aikin ba, da ya tsaya a zauruka, tun da gidajen da yawa ba a shiga. Malamar Islamiyya da wata ma'aikaciyar lafiya da ke zaune a cikinmu da kuma wata ungozoma su ne suka riƙa shiga ciki, inda aka ba da izini kuma sai su yi wa Baba iso ya duba bango da idonsa.

Abu na farko da ya bayyana, wanda na rayu a cikinsa shekara da shekaru ban lura ba, shi ne cewa tsakar gidaje da yawa ta koma ƙasa da lungu. Duk shekara ana zuba ƙasa da ɓaraguzai a hanya don a samu wucewa, hanyar tana tashi, gidan yana nan inda yake, har ta kai ruwan kwata yana komawa ciki maimakon ya fita. Baba ya nuna mana yadda katangar ƙasa take mutuwa daga tushe. Ruwa yana kwanciya a gindinta, danshi ya riƙa hawa, ƙasar ta yi laushi alhali nauyin azara da daɓen soro yana nan a kanta, shi ma ya sha ruwa ya ƙara nauyi. Shafen siminti, wanda mutane suke ɗauka kariya ce, yakan ɓoye wannan ɓarna, domin danshin da ya shiga ta tsaga ba ya samun hanyar bushewa. Ya koya mana a ƙwanƙwasa shafen, idan ya yi ƙara kamar ganga to ya rabu da ƙasar da ke bayansa. Sauran alamun su ne bangon da ya yi ciki, da ƙofar da ta fara cijewa ba dalili, da ƙasar da ake tashi a tarar ta zubo a kan shimfiɗa.

Mun rubuta gidaje tara da suke buƙatar gyara kafin ruwa ya sauka. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na wata dattijuwa da muke kira Inna, a ƙarshen lungun da ke kallon tsohon kududdufi. Ɗakin da take kwana ya tsage daga ƙarƙashin azara zuwa kusan ƙasa, kuma jikoki biyu suna kwana tare da ita. Da aka yi mata maganar, ta ce a ɗakin aka kawo ta amarya, a ciki mai gidanta ya cika, kuma tsagar ta girmi wasu daga cikinmu.

Lahadi, 11 ga Mayu

An tsayar da karo-karo na naira 1,000 a kan kowane gida, da sharaɗin cewa wanda ba shi da hali ya ba da ƙarfinsa, kuma ba za a karanta sunan wanda bai biya ba a bainar jama'a. Da wannan aka sayi shebur da manjagara da baro biyu da safar hannu, matasa suka shiga yashe kwata daga saman unguwa har inda take haɗuwa da babban lambatu. Yashi da leda ne mafi yawan abin da aka fitar, musamman ledar fiya wata, wadda take haɗuwa da yashi ta zama tamkar toshiyar da aka gina da gangan.

Mun yi kuskure ɗaya wanda ya kamata in rubuta shi yadda yake. Mun jibge dagwalon a gefen hanya muna jiran motar da wani ofishi ya yi alkawarin turowa, har kwana shida ba ta zo ba, awaki da yara da iska suka mayar da wani kaso cikin kwatar da aka sha wahalar yashewa. A ƙarshe da kuɗinmu muka ɗauki masu kura suka kwashe. Daga yanzu ba za a sa shebur a kwata ba sai an tabbatar da abin kwashewa yana tsaye a wurin.

Asabar, 31 ga Mayu

Yau ranar tsaftar muhalli ce ta ƙarshen wata, amma hirar kowa a kan Mokwa take, inda ambaliya ta afka wa garin a Jihar Neja shekaranjiya Alhamis, mutum sama da 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin da abin ya faru, ruwa ya zo mutane suna barci ko suna shirin tashi. Duk shirinmu har yau na rana ne, na shebur da baro, ba mu taɓa tambayar kanmu abin da za a yi da ƙarfe biyun dare ba, babu wuta, ruwa yana shigowa zaure, a gida kuma akwai tsoho da ba ya iya tafiya.

Saboda haka muka sauya jadawalin zaman yau gaba ɗaya. Mun fitar da sunayen waɗanda ba za su iya fita da kansu ba, tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki da makafi biyu da mata masu tsohon ciki, aka kuma haɗa kowannensu da matasa biyu daga gidajen da ke maƙwabtaka da shi, waɗanda ya sani kuma iyalinsa suka yarda su shiga gidan a kowane lokaci idan ta ɓaci. Na ga muhimmancin a ce mutum biyu ne, domin ɗaya yana iya yin tafiya ko ya kwana a kasuwa. Wurin fakewa kuma an zaɓi makarantar Islamiyya, ginin bulo ce mai hawa ɗaya a ɓangaren tudu, an yanka makulli uku an raba wa mutum uku da ba sa kwana a waje.

An roƙi kowane gida ya tara takardunsa wuri guda a cikin leda mai kauri, takardar gida da katin shaidar ɗan ƙasa da takardun makarantar yara da katin asibiti, a rataye a sama kusa da ƙofa, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Haka nan tocila mai caji, da maganin masu hawan jini ko ciwon sukari na 'yan kwanaki. Ba mu ce kowa ya tanadi abincin mako guda ba, domin a unguwar da akasarin magidanta sai sun fita suke samo na cefane, wannan magana ce da za ta sa a daina sauraronmu. Mun rubuta lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112, a bangon masallaci da na makaranta, tare da lambobin mutum huɗu daga cikinmu. Hukumomin ba da agajin gaggawa, SEMA ta jiha da NEMA ta tarayya, wadda aka kafa a 1999, suna da aikinsu, sai dai a sa'ar farko ta kowane irin bala'i maƙwabci ne yake kusa.

Talata, 17 ga Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi jiya da daddare, kuma kwatar ta ɗauke shi, ban da wuri ɗaya kusa da shagunan da aka gina a kan kududdufi inda ya taru ya kai idon sawu kafin ya janye. Cikin gidaje tara an gyara biyar, an yi musu yaɓe, an ɗaga dokin ƙofa da bulo jeri biyu, an buɗe indararon da tsuntsaye suka toshe. Biyu gidajen haya ne, masu su ba sa unguwar. Ɗaya mai shi ya ce sai bayan ya sayar da dabbobinsa. Na Inna yana nan yadda yake.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yara huɗu a lungu ɗaya sun kamu da amai da gudawa a cikin kwana uku, kuma dukkansu daga rijiya ɗaya ake ɗebo musu ruwa. Da muka duba, bakin rijiyar daidai yake da ƙasa, shaddar gidan da ke bayanta kuma ko taku goma ba ta kai ba. Masana suna son a sami tazarar mita 30 tsakanin rijiya da shadda, abin da ba zai yiwu ba a cikin birni inda gida yake manne da gida, don haka abin da ke hannunmu shi ne a ɗaga bakin rijiyar, a yi mata murfi, a keɓe mata guga ɗaya da ba a ajiye shi a ƙasa, ruwan sha kuma a tafasa shi ya yi aƙalla minti ɗaya yana ɓararraka. Wannan ya shafi har ruwan 'yan garuwa, tun da ba kullum ake sanin inda aka ɗebo shi ba.

Ma'aikaciyar lafiyarmu ta tara mata a makaranta ta nuna musu haɗin ruwan gishiri da sukari idan babu na cikin 'yar leda da ake sayarwa a kemis: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri, a shafe kan cokalin kada a yi masa tozo. Ta nanata cewa wannan na riƙe yaro ne a kan hanyar asibiti, kuma idan gudawar ta koma kamar ruwan shinkafa, ko idanu suka faɗa, ko yaro ya kasa sha, kada a jira gari ya waye. Yaran huɗu sun warke. Ban taɓa sa rijiya a lissafin ambaliya ba sai a wannan makon.

Laraba, 13 ga Agusta

Kwana uku ke nan ana ruwa, ba mai ƙarfi ba, irin mai yayyafi da ba ya tsayawa, wanda Baba ya ce ya fi tsoronsa a kan mai tsawa, domin shi ne yake ratsa ƙasa har ciki. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen kwanaki uku, muna kuma tura shi a zauren WhatsApp na unguwa, amma Agusta a Kano ba ya buƙatar a yi wa kowa bayaninsa.

Da Magariba jikar Inna ta zo ta ce ƙofar ɗakin ta ƙi rufuwa, kuma ƙasa tana zubowa ta kusurwa. Muka je da Baba da Malama. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Inna, don Allah ki koma ɗakin zaure ko na kwana uku ne, har ruwan nan ya ɗauke.” Ta ce, “Ɗan nan, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Ni da na ga damina tamanin, wannan ce za ta kore ni daga ɗakina?” Na rasa abin faɗa, domin ba zan yi musu da ita a kan ƙaddara ba, kuma na fahimci cewa ba taurin kai ne kawai ba. A ɗakin nan duk abin da ta mallaka yake, gadonta da kwallayenta da adakar da ta zo da ita, kuma fita daga cikinsa a idon unguwa tamkar shelar cewa 'ya'yanta sun kasa gyara mata wurin kwana ne.

Malama ce ta sami bakin zaren. Ba ta ambaci bango ba ko sau ɗaya. Ta ce, “Inna, yaran nan amana ce a hannunki, uwarsu ta bar miki su ta tafi. Idan ke kin yarda da abin da zai same ki, su ba a tambaye su ba.” Sannan ta ƙara da cewa a addini ma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Inna ta yi shiru mai tsawo, daga baya ta ce a kai yaran zaure, ita tana nan. Muka kai yaran. Ƙaramin ya ƙi barci yana kuka yana kiran kakarsa, kuma wannan kukan ne ya fito da ita wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da bargonta da carbinta. Matasan da aka haɗa ta da su tun watan Mayu suka fitar da adakar da kwallayen a cikin daren, domin ta ce ba za ta runtsa ba idan suna can.

Juma'a, 15 ga Agusta

Ɗakin ya faɗi jiya Alhamis kafin Asuba, bayan ruwan ya ɗauke da kusan sa'a biyu. Bangon gabas ne ya fara kwantawa ciki, azarar ta biyo shi, ta sauka a daidai kan gadon. Babu wanda ya ji rauni. Na tsaya a wurin da safe ina kallon ƙafar gadon da ta leƙo daga cikin ƙasa, jikina yana rawa, na kasa rubuta komai sai yau.

Ina so in ajiye abu biyu a nan saboda masu zuwa bayanmu. Ɗaukewar ruwa ba ta nufin haɗari ya wuce, kuma mun gaya wa sauran gidaje ukun da ba a gyara ba kada kowa ya koma ɗakin da ake zargi sai Baba ya duba. Na biyu, wata huɗu muna yi wa Inna maganar tsaga da azara ba ta motsa ba, saboda mun aika mata maza da bayanin gini, alhali wadda za ta iya magana da ita tana cikinmu tun ranar farko. Tun jiya gidaje biyu daga cikin ukun sun kwashe yaransu zuwa makaranta ba tare da an roƙe su ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ruwa ya fara ja da baya, mun zauna mun yi lissafi. Ba a rasa rai ba a unguwar, ɗakuna biyu da katanga ɗaya sun faɗi, kuma an kwana a makaranta dare biyar. Abin da ya rage a asusu an ƙara da gudummawar 'ya'yan Inna da ta wasu 'yan kasuwa, za a tayar mata da ɗaki da bulo idan ƙasa ta bushe, da harsashi mai tsayi.

Matsalar gidajen haya ba ta warware ba, kuma ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗan haya ba zai kashe kuɗi a bangon da ba nasa ba, mai gida kuma ba ya kwana a ƙarƙashin azarar. Mai Unguwa ya karɓi shawarar cewa zai kira masu gidajen kafin lokacin sabunta haya, a yi yarjejeniya a rubuce cewa ɗan haya zai iya yin gyara a cire daga kuɗin shekara. Maganar ruwan da ke taruwa a wurin tsohon kududdufi kuwa ta fi ƙarfinmu, domin tana buƙatar a faɗaɗa lambatu, kuma mun rubuta takarda ta hannun Mai Unguwa zuwa sama. 'Yan kasuwar da ke cikinmu sun tuna mana yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ya lalata atamfofi da yadudduka, a lokacin da ake ta kokawa kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Ciwon iri ɗaya ne, girmansa ne ya bambanta.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Iskar hunturu ta fara kaɗawa da asuba, kwamitin kuma ya amince kada a watse, a juya aikin zuwa gobara. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a Maris na 2016 ya san yadda take gudu idan komai ya bushe, mu kuma lungunanmu motar kashe gobara ba za ta iya shiga yawancinsu ba. A zagayen wannan makon mun tarar da abubuwan da muka zata: kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyi, hita da ake barinta a bokitin roba a manta idan an ɗauke wuta har a dawo da ita, galan na fetur a ƙarƙashin gado, da janareta a zaure kusa da inda almajirai suke kwana. Hayaƙin gawayi da na janareta suna ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba, kuma mutane da yawa a nan ba su taɓa jin haka ba.

Tsarin mutum biyu ga kowane mai rauni yana nan yadda yake, sai dai an sabunta sunayen, domin mata biyu sun haihu, wani tsoho ya rasu, matasa uku kuma sun koma makaranta. Malama da ungozoma za su fara shiga gidaje ranar Litinin a kan maganar kasko da hita da tukunyar gas. Ni da matasa huɗu za mu auna faɗin lunguna da igiya mu gano inda motar kashe gobara za ta iya tsayawa mafi kusa, da rijiyoyin da ke da ruwa har ƙarshen rani, mu zana su a takarda ɗaya a liƙa a zauren Mai Unguwa. Baba ya ce bulon ɗakin Inna zai iso ranar Laraba, kuma yana buƙatar mutum shida da za su yi dakon yashi daga bakin titi.